Bunsurun Turawa da Macijin Makurɗi

Turawan Ingila suna da kalmar scapegoat, wadda da ita suke kiran wanda aka jibga wa laifin da ba nasa ba. William Tyndale ne ya ƙago ta a 1530, sa'ad da yake fassara Attaura zuwa Ingilishi. A Littafin Firistoci, sura ta 16, babban firist na Bani Isra'ila yakan ɗora hannuwansa a kan bunsuru sau ɗaya a shekara, ya lissafa zunuban jama'a, sai a kora dabbar jeji ta tafi da kayan. Yau kuwa Bature yana kiran kocin da aka sallama da wannan suna, haka ƙaramin ma'aikacin da aka kora don manya su sha iska. Ɗan ƙwallon Ingila David Beckham ya ɗanɗana a 1998: jan kati ɗaya a wasa da Ajantina, sai ga mutum-mutuminsa a rataye a ƙofar wata mashaya a Landan. Ɗan ƙwallon Najeriya Sani Kaita ma ya san zafin abin tun wasan Girka na 2010.

Sai dai Bature, da rowarsa, ya tsaya a kan bunsuru ɗaya tal kusan shekara 500. Najeriya kuwa ta ga dawa cike da dabbobi marasa aikin yi, ta shiga ɗaukarsu aiki.

Ɓeraye ne suka fara. A Agustan 2017, da Shugaba Buhari ya dawo daga jinya a Landan, kakakinsa Garba Shehu ya ce ɓeraye sun lalata kujeru da na'urar sanyaya ɗaki a ofishin shugaban, don haka daga gida zai riƙa aiki. Duniya ta sha dariya. Amma kowa ya san ɓera da ɓarna, shi ya sa maganar ta shiga kunne. A 2025 kakakin ya fito ya ce ƙirƙirar labarin ya yi, don a bar zancen lafiyar shugaban. Shekara takwas ɓeraye na yawo da baƙin suna, har yau ba a ji wanda ya ba su haƙuri ba.

A Fabrairun 2018 maciji ya karɓi tuta. Naira miliyan 36 na kuɗin sayar da kati suka yi ɓatan dabo a ofishin JAMB na Makurɗi, aka ce maciji ne ya haɗiye. Ko da ƴan dubu-dubu ne zalla, takarda 36,000 ke nan, a cikin dabbar da kwaɗo ɗaya ke kwantar da ita kwanaki. Gara ta jira sai 2022, lokacin da jami'an asusun NSITF suka shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ta cinye takardun kashe kuɗi na sama da naira biliyan 17. Ita dai gara ta fi maciji ilimi, ta san rasit ya fi tsabar kuɗi haɗari.

A gida ma ba a bar mu a baya ba. Nama ya ɓace a tukunya, kyanwa ce. An kama mutum dumu-dumu, sharrin Shaiɗan ne. Wuta ta ɗauke, a tsine wa NEPA, hukumar da aka rushe tun 2005.

Kano ce dai ta kure maleji. A Yunin 2019, bayan bikin sallah, naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga suka ɓace a gidan zu, aka baza cewa goggon biri ne ya lamushe su. Gwamnan jihar na lokacin, Ganduje, ya fito ya bayyana cewa gidan zu ɗin ba shi da goggon biri ko ɗaya.