Ka Shawarci Ƙafarka Da Bokitinka

Ban ko gama faɗin abin da zan yi magana a kai ba, ga Malam Na-Musu can ya turo hula gaban goshi yana murmushin mugunta. "Zaɓen ɗaki? A jami'ar gwamnati? Yaron da ya yini a kafe yana jiran a buɗe rabon gadajen kwana, aka buɗe, kafin ya danna an ce sun ƙare, shi za ka koya wa zaɓe? Ai wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi."

Sannu da ƙoƙari, Malam. Rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan hana ka ita ba: ɗaliban da manyan jami'o'inmu ke ɗauka duk shekara sun fi gadajen da ke akwai nesa ba kusa ba. To ɗaya rabin fa? Ya kwana a cikin makaranta ko a waje, zaɓe ne. Ya yi sammakon biyan kuɗin rajista ya shiga sahun farko, ko ya tsaya sai an gama bikin 'yar gwaggonsa a ƙauye, zaɓe ne. Ranar da aka ba da makulli ma, wanda ya riga isa shi ke kama kusurwar da ke da soket da taga, wanda ya zo da la'asar yana hamma sai ya gaji bayan ƙofa. Ka ga kuwa akwai abin faɗa. Gyara hularka.

Mu ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun 1962 take karɓar baƙi. Abin da ya kamata sabon ɗalibi ya fara sani shi ne jami'ar ba waje ɗaya take ba. Kimiyya da injiniya da noma da su fasaha suna Samaru. Shari'a da harkokin mulki suna Kongo. Asibitin koyarwa yana Shika. Tsakanin Samaru da Kongo sai ka ratsa Palladan, ka wuce Kwangila, ka bi ta Tudun Wada. Ina faɗa ne musamman saboda abokan wasanmu Kanawa, waɗanda in sun ji an ce Zariya sai su ɗauka wata 'yar unguwa ce da za a zagaye kafin shayi ya huce. Bakano zai zo da lissafinsa na kasuwar Kwari, ya ji ɗaki ya fi araha a Hayin Dogo, ya kama wa ɗansa nan take, alhali yaron lauya zai karanta a Kongo. Rangwamen da ya samu, direbobin bas da 'yan acaɓa za su karɓe shi kafin tsakiyar zango, har da riba. Ranka ya daɗe, ciniki ya faɗi.

A cikin Samarun ma ba a gama ba. Sunayen hostal ɗin suna da daɗin ji: Amina, Ribadu, Alex, Suleiman, Akenzua, Ɗanfodiyo, ICSA da Ramat. A Kongo ga Ali Akilu da Tafawa Balewa. Yaro zai ji yayansa na cika baki da sunan wani hostal, sai ya ƙudurce in ba can ba sai rijiya. Wani kuma sabon fenti ke ɗaukar hankalinsa. A 2019 Gidauniyar Ɗangote ta miƙa wa jami'ar gine-gine goma masu gadaje 2,160, ɗakuna 360, wato mutum shida a ɗaki, can a sabon ɓangaren makarantar. Aiki ne na a yaba, ban ce ba. Amma ƙanena, kafin ka yi tsalle, tashi daga ƙofar ɗakin da kake marmari ka taka da ƙafarka har zauren da za a yi maka laccar ƙarfe bakwai na safe, ka duba agogo. Sannan ka ƙiyasta wannan tafiya a cikin hunturun Samaru, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage. Ɗan aji ɗaya in ya makara, ba kujera kaɗai ke wuce shi ba. A darussan da ake haɗa ɗaruruwan mutane, wanda ya tsaya a bakin taga bakin malami kawai yake gani yana motsi.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Duk wannan saboda tafiyar minti ashirin? Mu da ƙafa muke zuwa gona." Madalla. Gona ba ta rufe ƙofa in ka makara.

Yanzu mu zo kan ruwa, inda 'yan gayu ke gane kurensu. A kowane hostal na ƙasar nan, tambayar da ta fi "ɗakin yana da kyau?" amfani ita ce "ina famfo, kuma ƙarfe nawa yake kawowa?" Mai son hawa na sama saboda iska da hangen gari, ya tuna bokiti ba ya hawa bene da kansa. Kullum sai ka ɗauko shi, rabi a cikinsa rabi a wandonka. Ga zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da rufin ya yini yana shan rana, da dare ya sauke maka ita. Hawa na ƙasa kuwa ruwa kusa, amma sauro ma kusa, hayaniyar masu wanki kusa, hannun da ke leƙo taga neman waya shi ma kusa. In kuma ɗakin ya yi maƙwabtaka da banɗaki, ba sai an faɗa maka iska ta juya ba. Ni dai in an bar ni, hawa na tsakiya, ɗaki na uku ko na huɗu daga matakala. Ku ce son jiki ne, na yarda.

Gadon sama ko na ƙasa? Kowa na rububin na ƙasa, wai ya fi daraja. Ku je ku gani. Gadon ƙasa shi ne kujerar baƙi, shi ne teburin cin garin kwaki, shi ne majalisar masu gardamar Arsenal da Chelsea har ƙarfe ɗayan dare. Ka dawo daga lacca a gajiye ka tarar da mutum uku a kan zanin gadonka, ɗaya ma ba ka san sunansa ba, kuma shi zai fara yi maka sannu da zuwa. Na sama ba mai hawa sai mai shi. Illarsa biyu: kana kusa da zafin silin, kuma in kai mai birgima ne cikin barci, to ka roƙi Allah. Ko wanne ka samu, kafin ka shimfiɗa komai ɗaga katifa ka duba ɗinkinta da mahaɗar ƙarfen gadon. In ka ga ɗige-ɗigen baƙi, kuɗin cizo sun riga ka yin rajista. Fitar da katifar rana, a zuba wa gadon tafasasshen ruwa. Kada wani gwani ya ce ku yayyafa fiya-fiya ku rufe ƙofa ku kwanta. Guba ce, kuma ba ta tantance ƙwaro da ɗalibi.

Ga Alhaji can ya yi gyaran murya. Na san karatun: "A zamaninmu mutum biyu ne a ɗaki, a wanke mana kaya, ranar Lahadi kaza a kafteriya." Allah ya ƙara girma, ba mu musa ba. Sai dai a ƙarasa labarin. Ku ne a 1978, da aka ƙara sule biyar a kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu, kuka cika tituna kuna cewa sai kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka, har aka rasa rayuka a Samaru. Ku da kuka yi wannan a kan tikitin abinci, ku ne yau kuke ce wa yaro ya yi haƙuri da duk inda aka jefa shi, wai wahala ce ke gina mutum. Kafteriyar nan ta zama tarihi, Alhaji. Ɗanka da risho da tukunya zai tafi, don haka a tambaya masa ko akwai wurin girki, kuma ko an yarda da abin girki na lantarki, don hostal da yawa sun hana, in an kama a ƙwace.

Sai ɗan samarin da tun a mota yake raɗa wa babarsa cewa shi a waje zai kama ɗaki, wai hostal ƙazanta, wai yana son natsuwa ya yi karatu. Kai, Jambito sabon shiga, wa za ka yi wa wayo? Natsuwar da ake nema da talabijin da labule mai kauri, mun san ta. A waje kuɗin haya na shekara a dunƙule, ga ɗan garuwa, ga kuɗin wuta ko an kawo ko ba a kawo ba, ga mai gida da dokokinsa, ga fargabar dawowa daga karatun dare. Babbar asarar ma ba ta kuɗi ba ce. An ɗage lacca, an sauya zaure, malam ya ce gobe da asuba akwai gwaji: irin wannan labari a barandar hostal yake fara sauka. Tsofaffin takardun jarrabawa a hannun ɗan aji uku na ɗakin kusa suke. Wanda ya san gari ya kama waje a aji biyu ko uku, ba laifi. Amma baƙon da bai san hanyar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ba, me ya kai shi kama haya a unguwar Zango?

Masu cewa a ajiye shi gidan kawu a Sabon Gari kuwa, Allah ya saka wa kawu. Amma ranar da jarrabawa ta haɗu da kai yara makaranta da kai niƙa, a gaya mini wanda zai iya kallon idon matar kawu ya ce yana da karatu.

Hajiya, na ga kin yi shiru, kuma na san abin da ke ranki. Kina tsoron hostal zai lalata miki 'ya. Ki dai duba da kyau: ɓangaren mata yana da katanga, da mai gadi, da lokacin baƙi, kuma namiji iyakarsa waje. Ɗakin haya a lungu wa ke gadinsa? In tarbiyya ce, wadda kika ba ta da ita za ta tafi duk inda kika sauke ta. Ke kuma ƙanwata, da kike ta addu'ar a haɗa ki ɗaki ɗaya da aminiyarki ta sakandare, ki sassauta. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ƙawancen shekara shida ya sha mutuwa a kan cokalin manja da wankin tukunya. Gara a haɗa ki da 'yar Tibi daga Binuwai da Bayarabiya daga Ilori, kowa na jin nauyin kowa, a yi ƙa'idar shara da kashe fitila tun makon farko, ki kuma fito kin iya miyar egusi.

Saura masu raɓe. Ɗakin da aka rubuta wa mutum shida, kafin wata guda sai ka ƙirga takalma goma sha biyu a ƙofa, kowa da ɗan garinsu da ya zo "kwana biyu kafin ya samu wuri". Kwana biyun nan ba ta ƙarewa sai ranar jarrabawar ƙarshe. Ba a ce ka kori ɗan uwa ba, amma cunkoso a ɗaki marar iska lokacin bazara shi ne abin da sanƙarau ke so, don haka ɗakin da tagarsa ke buɗuwa ya fi wanda aka yi wa sabon fenti. Sayen gado a hannun wani ɗalibi kuma, ban da tsada, laifi ne a dokar makaranta, kuma sunan da ke takarda ba naka ba ne in an zo bincike.

In kuwa duk sammakonka gadon bai samu ba, kai ne ka zama ɗan raɓen, to kada ka yi girman kai. Riƙa ɗebo ruwa ba a aike ka ba, sayi kananzir in ya ƙare, naɗe tabarmarka kafin masu ɗaki su tashi, sannan ka bi ofishin kula da harkokin ɗalibai kana tambayar ko wani ya bar nasa. Minshari kuma, ka bari sai ka samu gadonka.