Ku Gama Dariyar, Sannan Mu Zaɓi Sandar Feshi

Tun ban gama rubuta kan maganar ba nake jiyo dariyarku. Daga majalisun bakin titi a Zauro da Ambursa har rumfunan 'yan kifi a Argungu, na san amsar guda ce: "Wanga malami ya rasa abin hwaɗi. Wa ka wankin kwano? Ga ruwan sama kyauta, sai mu sayo magani?" Ku dara son ranku, ba sauri nake yi ba. Bari ma in ƙara muku abin dariyar: a Amurka wankin rufi sana'a ce sukutum, da motocinta da tankunanta, kuma masu yin ta sai su wuni suna gardama a kan wace sandar feshi ta fi wata.

Rabin gaskiya kuwa tana hannunku, ba zan danne muku ita ba. Yawancin gidajen Amurka ba kwano ne a kansu ba, wasu fale-falen kwalta ne da aka barbaɗe da tsakuwa. A jihohinsu masu laima irin su Fulorida, wata ƙwayar gansakuka da masana ke kira Gloeocapsa magma takan kama rufin, ta ja masa baƙin zane daga sama har ƙasa. Ita ake kashewa da bilic. Ƙungiyar masu ƙera irin wannan rufi ta ce a haɗa bilicin wanki da ruwa rabi da rabi, a fesa a hankali, a bar shi minti 15 zuwa 20, a ɗauraye, kuma kada a kusance shi da injin ruwa mai ƙarfi. Ga inda za ku ji daɗi. Idan Ba'amurke ya gaji da wanki, sai ya sayo siririn fallen tutiya ko na jan ƙarfe ya kafa a ƙololuwar rufin, ruwan sama ya riƙa wanko ɗan abin da ke jikinsa yana hana gansakuka tsira. Kwanon da ke kan shagonka, Malam, duk jikinsa da tutiyar aka shafe shi tun daga kamfani. Ka haɗa da ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40, da rani mai cinye fiye da rabin shekara, sai ka ga gansakuka ba ta da masauki a kan kwanon Kabi. Jan da kake hangowa tsatsa ce. Bilic ba ya wanke tsatsa, gudu ma yake ƙara mata, don tutiyar da ke kare ƙarfen ita yake fara ci.

To, an ba ku taku, amma ku koma ku zauna, ban sallame ku ba. Rufin Kabi na yau ba shi ne na jiya ba. Tun daga watan Nuwamban 2015 da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a wannan jiha, har zuwa dalar buhunan da aka jera a Zauro a 2021, duk mai bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya ga yadda gine-gine suka sauya. Ban ce duk kuɗin shinkafa ne ba, kada wani ya ce na tona masa asiri. Amma ga rufin dekin na siminti, ga dogon kwanon alminiyam mai fenti, ga kwano mai tsakuwa da manyan Alhazai ke yayi, ga magudanar da ake ɓoyewa bayan katangar rufi, ga farantan sola a kan gida da masallaci da asibiti. A nan ake samun aiki: koren gansakuka a dekin da ruwa ke kwanciya, baƙin tabo a ƙarƙashin tankin da ke yoyo, danshin inuwar mangwaro da dogonyaro a gidajen da ke kusa da fadama, kashin tantabara da na jemage, da ƙurar hunturu da ke rufe sola har wutar ta ragu.

Kuma ana wankewa, kada ku yi mini fuskar rashin sani. Ku ɗin da ke cewa ba a wankin rufi, ku ne ke kiran yaro ya hau. Yakan zo da ɗayan abu biyu: bindigar wankin mota, ko famfon feshin gona. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, Bakabe ba zai shiga kogin Matan Fada ranar gasar kamun kifi da birgi ko mamari ba, homa yake ɗauka da gora, don ya san kowane kamu da kayansa. Amma da an zo kan rufin da ya kashe wa kuɗin girbi biyu, sai ya ce ai kowace sanda sanda ce.

Mu fara da kai, ɗan samari mai wankin mota, tunda kai ka fi kowa cika baki. Injinka yana tura ruwa da ƙarfin da ya haura ba 100 ("ba" shi ne ma'aunin matsin ruwa), famfon goyo kuwa a wajen ba 3 yake aiki. "Ai shi ya sa nawa ya fi," in ji ka. Ya fi a jikin tayar tirela. A kan rufi, ruwan nan zai kutsa ta inda kwano ya hau kan kwano ya sauka a silin, zai yage robar da ke ƙarƙashin kan ƙusa, zai kankare tsakuwar kwanon Alhaji ta gangaro indararo, zai ɗaye fentin da rana ta riga ta gajiyar. Ranar dai rufi zai yi fes, Alhaji ya biya har da tukwici. Da ruwan farko ya sauka, shi da Hajiya za su kwana jera robobi a tsakar ɗaki, kai kuma ka kashe waya. Ga turin da bindigar ke yi wa mai riƙe da ita, wanda a ƙasa ba komai ba ne, a saman tsani kuwa sai mutum ya tsinci kansa wurin mai ɗori. In kuma tsohon rufin asbesto ne, irin na tsofaffin gidajen gwamnati da makarantu, to ko da wasa kada ka nuna masa bindigar. Zaren da ke cikinsa idan ya tashi ya bushe aka shaƙa, cutar huhu yake jawowa bayan shekaru, har a Ostareliya doka ta hana wanke shi da ruwa mai ƙarfi.

Na ga manomi yana gyaɗa kai, yana shafa famfonsa. Sannu, Baba, kai ma ba ka tsira ba. Ƙarfin famfonka daidai ne, a nan ka ci. Amma jiya da me ka cika shi? Maganin ciyawa. Tankin roba da tiyo suna riƙe saura ko an ɗauraye, ruwan da ya sauko daga rufin kuwa, ka tambayi uwargida inda yake zuwa: duro, randa, kwanon shan awaki. Famfon rufi dabam, na gona dabam, a rubuta a jikinsa da fenti yadda yaro ma zai gane. Kada ka ce mini tsada. Buhun shinkafa nawa ka sayar bana?

Sannan ka dubi sandar kanta. Manoma da yawa sun fi son ta tagulla, don nauyinta da ƙyallinta, kuma a gona ba su yi laifi ba. Bilic kuwa abokin gabar tagulla ne da alminiyam. Zai cinye cikin sandar, ramin bakin ya buɗe, feshin ya karkace, kunamar hannu ta fara ɗiga a yatsunka. Ko ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, in aka bar bilic ya kwana a cikinsa sai ya yi masa ƙananan ramuka. Sandar da kuke rainawa, ta roba mai kauri ko ta zaren gilas, ita ce ta aikin. Ka tambayi mai shago irin robar da ke toshe mahaɗanta. In ya ce Viton, madalla. In ya tsaya yana kallonka, sayi 'yan canji ka ajiye, don baƙar roba ta gama-gari ba ta daɗewa a cikin bilic. Masu sana'ar a Amurka da yawa ma sun yar da bindiga mai kunama, sun koma makunnin roba mai murɗawa irin na bututun ruwa, saboda ba shi da sifirin da magani zai ci.

Yanzu ga abin da ya fi komai ƙanƙanta, ya fi komai araha, ya kuma fi komai ɓata aiki: bakin feshi. Iri uku kuka saba gani a kasuwa. Akwai mai fitar da hazo a zagaye, wanda ake yi wa ƙwarin wake da tumatir da shi. Wannan a kan rufi masifa ce, don ɗigonsa ƙanana ne, iska kaɗan ta isa ta kwashe shi zuwa idonka, ko zogalen maƙwabci, ko shaddar da amaryarsa ta shanya. Ranar za ka san bilic yana aiki. Akwai mai baza ruwa a shimfiɗe kamar mafici, wanda kuke kashe ciyawa da shi. Shi ne na dekin da bango da duk inda hannu ke kaiwa, musamman mai manyan ɗigo. Akwai kuma mai harba ruwa a miƙe, na kai magani can ƙololuwa ba tare da ka taka rufin ba. Wanda ake murɗawa ya koma kowanne yana da daɗin sha'ani, amma yawancinsa na tagulla ne, ka ji abin da na ce game da ita.

Launin bakin ma ba ado ba ne, ko da yake na san da yawanku wanda ya dace da launin famfon kuke zaɓa. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa, idan ƙarfin famfo yana ba 3, ruwan ɗorawa yana fitar da lita 0.8 a minti ɗaya, shuɗi 1.2, ja 1.6, fari 3.2. Ke nan famfo mai lita 16 da jan baki zai ƙare a minti 10, da ruwan ɗorawa kuwa sai minti 20. Siminti yana son ya jiƙe sosai, don haka shuɗi ko ja ya fi masa. Amma a kula, a wurin mai wankin mota launi wata magana yake yi dabam, faɗin feshin yake nunawa: fari digiri 40, kore 25, ruwan ɗorawa 15, ja kuwa sifiri, wato tsinin da ke huda fata. Ka aiki yaro kasuwa ka ce "sayo ja" ba tare da bayani ba, duk abin da ya biyo baya kai ka saya. Bakin bugi kuma, wanda ba lamba a jikinsa, launinsa na ganin dama ne. Ka fesa cikin gwangwanin awo na minti ɗaya ka ga abin da ya tara.

Tsawon sanda ba ya buƙatar dogon bayani. Ta famfon goyo da kaɗan ta wuce rabin mita, akwai kuma mai zugewa ta kai mita 2 ko 3, irin ta masu feshin mangwaro. Da ita za ka tsaya a kan tsani ko bayan katanga, maimakon taka jiƙaƙƙen kwano mai santsin sabulu. Sai dai ka ɗaga kai ka nemi wayar NEPA kafin ka ɗaga sanda, don ta ƙarfe tana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiya ma haka. Kada ka ce ai ba a kawo ba. Ranar da ka hau rufi ake kawowa.

Hajiya, na ga kin yi shiru, alhali ke ce mai ajiyar Hypo da Jik. Ki riƙe wannan: ba a haɗa bilic da ruwan wankin masai irin su Harpic, ko ruwan batir. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. In yaron ya ce zai "ƙara masa ƙarfi", ki karɓe jarkar. A kawar da duro daga bakin indararo kafin a fara, a jiƙa shuke-shuken da ke ƙasa da ruwa zalla, a sa tabarau da safar hannu. Masu kiwon tarwaɗa a bayan gida su ninka kula, kulorin kaɗan ya isa ya juyar da kifi ciki sama, kuma abin kunya ne a ce Bakabe ya kashe kifi da sabulun wanki. A yi aikin da sanyin safiya, kafin rufi ya ɗau zafi ya busar da maganin bai yi komai ba. A bar shi ya jiƙa kwata ɗin awan nan. Mutanen da ke jiran aikin noman rani na fadamar Zauro tun 1969, haƙurin minti 15 ba zai gagare su ba.

Sola kuwa ba ta son bilic, ba ta son bindiga: ruwa mai tsabta, tattausan buroshi mai dogon hannu, da safe kafin gilashin ya yi zafi. Kai kuma Baba mai soro da ke can gefe kana murmushi, kai kaɗai na yarda ka ci gaba da dariya. Naka yaɓe yake so kafin damina, duk wanda ya nufo shi da famfo ka bi shi da sanda, ta icce.

Saura ku. In kwano ne zalla, ruwa da ɗan omo da buroshi sun wadatar, in ya yi tsatsa a kankare a shafa fenti. In siminti ne ya yi kore ko baƙi, a sayi famfo na musamman da sandar roba mai tsawo da baki mai manyan ɗigo, a ɗauraye su da ruwa bayan an gama. Bindigar wankin mota kuma a bar ta a bakin titi, wurin motoci.