A Filinge Babu Dokin da Ya Zo na Biyu

Ka zauna a rumfar mai shayi a Filinge, ka tambayi masu son sukuwa abin da suka fi tunawa daga wasannin bara. Duk wanda ya buɗe baki, dokin gidansu ne ya zo na ɗaya. Mai akawal ya rantse, mai kili ya rantse. Wanda nasa ya iso bayan an watse kuwa, cewa zai yi ƙura ce ta rufe wa alƙali ido.

Ban ga laifinsu ba. Kakanninsu Kurfayawa a kan sirdi suka kare kwarin Dallol Bosso, kuma jikan mayaƙi ba ya faɗuwa daga doki, sai dai "ya sauko da gaggawa". Wani dattijo ya fi rabin awa yana ba mu labarin sukuwar Babbar Salla: linzami, likkafa, guɗar mata, har inda ya baro sauran a baya. Wani yaro ya ce, "Baba, ai a inuwar bedi na gan ka ranar." Aka kore shi sayen sukari.

Samari kuwa nasu dokin yana Faransa, a filin Vincennes. Ba su san launinsa ba, lambarsa kawai suka sani a takardar cacar dawaki ta PMU, kuma kullum "saura ƙiris".

Tsakanin su biyun, na fi yarda da dattijon. Shi aƙalla ya sayi gero da harawa.