Mutanen Gindin Bene

Duk inda ka ga ana ɗora bene tsakanin Anka da Gummi, hular kwano ɗaya ce tak a wurin, kuma tana kan mutumin da ya fi kowa nisa da ginin. Shi ne injiniya, ko dai wanda ake kira injiniya. Daga Gusau yake zuwa ranar zuba kankare, da farar hula mai sheƙi da takalmi mai bakin ƙarfe. Yana sauka daga mota sai gindin darbejiya, ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. In bulo ya kuɓuce daga sama, sai ya yi tafiyar taku talatin a iska kafin ya same shi. Waɗanda ke ƙarƙashin bulon kuwa, gammo ne a kansu, ko tsohon buhun siminti da aka naɗe. Kafin la'asar ya kama hanya, don ba mai son dare ya yi masa a wannan titin.

Ɗan kwangila ya fi shi wayo. Yana da huluna har dozin a sito, cikin ledarsu. Ranar da manya za su zo duba aiki ake fito da su, a kifa wa kowane lebura ɗaya, har da yaron da ke ɗebo ruwa. Da motocin baƙi sun juya, sai ya tsaya bakin ƙofa yana karɓa yana ƙirgawa, wanda ya goga wa tasa siminti a cire masa a kuɗin yini. Ba jahili ba ne. Ya san akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ya san tana cewa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin mutanensa a asusun NSITF. Amma doka da sunan da ke kan takarda take aiki, shi kuwa da asuba yake tsintar leburorinsa a bakin kasuwa, da magariba ya sallame su daga aljihu. In wani ya faɗo, akwai kuɗin babur zuwa asibiti, akwai "Allah ya kiyaye gaba", gobe kuma wani ne riƙe da kwanon sarkin.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne tsohon magini. Da laka ya fara, ya san kwaɓin da zai yi tubali da wanda zai tsage, ya san jera azara, ya san makuba, kuma da ido yake gane katangar da ta karkata tun yaran zamani ba su ɗauko igiya ba. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauki tsufansa a matsayin hujja. Abin hawansa ganga biyu ne, da katako a kai, da bulo uku a kan katakon, shi kuma a kan bulon da ƙafa ɗaya yana miƙa wa lintal cokali. Ka ce masa, "Baba, a sake wannan katakon mana, ya rube," sai ya dube ka daga sama har ƙasa.

"Yaro, wanga aiki tun ba a haifi ubanka ba munka soma shi. Mi za ya same ni?"

Yana faɗa yana nuna ka da hannun da yatsu huɗu suka rage masa. Abokan da suka soma tare, waɗanda katako ya karye da su, ba sa wurin balle su ba da nasu bayanin.

Kusa da shi akwai mai tawakkali. Wannan ba ya musu da kai ko kaɗan. Ka nuna masa tsanin da ƙafarsa ɗaya ke kan dutse ɗaya a iska, sai ya yi murmushi ya ce in kwana ya ƙare ko a kan katifa ne sai an tafi. Gaskiya ya faɗa, ba mai ja. Sai dai je ka dubi babur ɗinsa a bakin fili: ya kulle kai, ya ɗaura sarƙa a taya da kwaɗo biyu, ya zare fulogi ya sa a aljihu, kuma daga saman ginin yana leƙensa. Wuyansa kaɗai ya bar wa ƙaddara.

A ƙasa, wajen kwaɓi, nan likitan wurin yake. Silifas ɗinsa ya tsinke tun da hantsi, don haka da tafin ƙafa yake shiga kwaɓaɓɓen siminti, wanda ke cin fata a hankali, sai dare mutum ya ga tsakanin yatsunsa ya saɓule. Maganinsa baƙin mai. Ƙusa ta soki wani? A kwantar da shi, a buga wurin da katako har jini ya fito, a tsiyaya fetur. Ka ambaci allurar tetanus ya ce wannan ta masu albashi ce. Ƙura ta cika ƙirji? Madarar gwangwani ɗaya, a cewarsa, tana wanke komai. An sha gaya masa hanyar madara daban, hanyar numfashi daban, amma wa zai ƙi magani mai zaƙi? Shi ne kuma ya san inda ake samo ƙwayar da ke sa yaro ya hau tsani sau ɗari da kankare a ka bai ji gajiya ba. Bai ji gajiya ba, bai kuma ji lokacin da ƙafarsa ta wuce matakin ba.

Mai walda ɗan gaye ne. Baƙin tabarau na zuwa biki shi ne garkuwarsa, in ya manta da shi sai ya runtse ido ɗaya. Wayar injinsa ba ta da kai, tsirara yake cusa ta a soket ya tokare da tsinken ashana. Tsakar dare ido ya kama zafi, hawaye na zuba, ya ce iska ce ta buge shi. A ƙarƙashinsa, daidai inda tartsatsi ke sauka, 'yar talla ta ajiye tiren hoce, don nan ne inuwa.

Sai mai ginin kansa, Alhaji. Bayan ambaliyar watan Agusta na 2024 da ta rusa gidaje masu yawa a Gummi, mutane da dama sun ƙudura ba za su sake gini da laka ba, kuma ba a ga laifinsu ba, ga shi siminti ya yi tsada. To amma akwai Alhajin da ke son bene da kuɗin ɗaki ciki da falo. Yana tsaye kan mai buga bulo yana lallashinsa ya ƙara yashi, har a samu bulon da in ka ɗaga shi da hannu biyu rabi ya biyo ka rabi ya zauna. An rubuta rodi mai goma sha biyu, ya sayo mai goma, wai ƙarfe ƙarfe ne. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi, amma a kwana na shida Alhaji ya fara zagaye sandunan da ke tokare da rufin, saboda hayarsu ake biya. Ranar Juma'a kuma ya kwaso abokai da 'ya'yansa ƙanana, a tsaya a ƙarƙashin ɗanyen rufin ana sa albarka.

Akwai wani iri da sai a wannan yanki ake samunsa da yawa, ɗan rami. Ya yi haƙar zinariya, ya sauka gaba goma cikin ƙasa da igiya da tocila a goshi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, hanin da ba a ɗage ba sai Disambar 2024, wasunsu sun gangaro wajen gini. Bene mai hawa ɗaya abin dariya ne a wurinsa, a guje yake bin kan katanga. Amma ka lura da shi lokacin da ake zazzage siminti: shi kaɗai ke ja da baya ya naɗe hanci da rawani. Ya san ƙura. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, wani lokaci da injin niƙan hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa, ƙauyen Bagega kuwa ba a kai gare shi ba sai 2013. Ba yaran ne suka sauka rami ba. Ƙurar ce ta iske su inda suke rarrafe, wata a jikin rigar uba.

Shi ya sa duk wurin ba wanda ya kai matar ɗan rami tsanani, ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa taka filin ginin ba. Bokiti da sabulu na jiransa a zaure. Ya rantse mata siminti ne kawai, ba dutsen rami ba, ta ce ba ta tambaye shi ba. Riga a nan, wando a nan, takalmi a waje, kuma ba zai taɓa yaro ba sai ya yi wanka. Da dare a majalisa yana kai ƙararta wajen tsohon magini, wai shi da gidansa sai an bincike shi a ƙofa. Tsoho ya ce a zamaninsu mace ba ta isa ba. Likitan wurin ya ce ai da ta bar shi ya sha madara da an huta.