Agogo da Wuƙa a Tsamaye

Duk wanda Allah ya hore wa 'yan kuɗi bayan kaka, ya yi niyyar ɗaura agogo a Tsamaye, wajibi ne ya sani cewa ba ruwan Gulbin Rima ne babban alƙalin agogo ba, alwala ce, domin ita ce ke zaman shari'a a kansa sau biyar kullum ba ɗaukaka ƙara. Na taɓa sayen wani mai ruwan zinariya a kasuwar Shinkafi ran Alhamis, mai shi yana ta rantsuwa, amma kafin wata ya kama zinariyar ta yi hijira, ta bar mini kore a tsintsiyar hannu, allurar kuma ta tsaya cik a kan ƙarfe huɗu, har yara suka laƙaba masa "La'asar". Daga nan na tuba na koma ga ɗan baƙin Casio ɗin nan na roba da Japan ta fitar a 1989, wanda aibinsa ɗaya ne, ba ya kunyar yin ƙara liman na tsakiyar huɗuba.

Ita kuwa wuƙa ba ta bukatar dogon bahasi. Ka je maƙera a ƙera maka da ƙarfen sifirin mota, baduku ya ɗinka kube, tsatsa kuwa ɗan man gyaɗa ya ishe ta. Abin da ba shi da magani shi ne maƙwabci ranar Layya, da zai yi sallama ya ce, "Malam, ara mani in feɗe rago, yanzun nan." Tawa wannan ce Layyarta ta uku a gidansa.