Badujalar Injiniyoyi

A Jami'ar Toronto ta Kanada, ɗaliban injiniya suna da ƙungiyar badujala mai sunan Lady Godiva tun wajajen 1950. Hular kwano a ka, ganga a wuya, iya busa kuwa ba sharaɗi ba ne. Taron da ba a gayyace su ba, shi suka fi ƙauna.

To, su leƙo Birnin Kudu. Duwatsun nan masu amo, waɗanda Bature Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a shekarun 1950, kakanni sun daɗe suna kaɗa su ba ko digiri. Matsalar dai fareti ce. Sai injiniyoyin su zauna su lissafa yadda za a saɓa Dutsen Mesa a kafaɗa, a taka da shi har Gwaram.