Mu da Kacala a Fadamar Gulbin Rima

Mu mutanen Gulma in muka zauna hira, ko da zancen aure aka fara, sai an gangara fadama. Da can zancen kifi ne da shinkafa da cikowar ruwa. Yanzu ciyawar kacala ta samu wurin zama a majalisa, kuma kowa da maganin da yake yi mata.

Wanda muka fi sabawa da shi wuta ce. Rani na kamawa, ganye ya bushe, sai a ƙyasta ashana, hayaƙi ya turnuƙe, a koma gida ana cewa an gama da ita. Kafin wata ya zagayo sai ga toho kore shar, domin saiwarta na kwance cikin laka inda wuta ba ta kaiwa. Abin da ya ƙone da gaske shi ne sheƙar tsuntsayen ruwa da ƙwansu, da kunkurun da bai samu hanyar gudu ba.

Samari kuwa feshi suka sani. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, maganin ciyawa ya zama ruwan dare. Wani saurayi ya ce a majalisa shi kam zai yi wa ta bakin gonarsa wanka da magani ya huta. Wani dattijon masunci ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, in kunka zuba shi cikin ruwa, ƙananan kihin ga ina za su? Giwan ruwan da kuka tahiya kallo Argungu, ai nan cikin hwadama shika yin ƙuruciya." Saurayin ya ce, "To Baba, da hannu za mu iya mata?" Ya ce, "Da hannu, amma ba hannu guda ba."

Ni ina bayan dattijon nan. Muna alfahari da Matan Fada, kuma ya kamata. Wuri ne da aka hana su a cikinsa sai ranar bikin kamun kifi na Argungu, Sarkin Ruwa na tsaron dokar, kifi da kada na zaune lafiya. Tun 1934 ake bikin, a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya, a 2020 aka fito da kifi mai kilo 78. Sai dai dokar hana su masunci take tsayarwa, ba ta tsayar da ciyawa. In kacala ta toshe bakin tafkuna da ƙoramun da kifi ke bi da damina ya je ya saki ƙwai, Matan Fada ma za ta ji a jikinta.

Wanda ke shakka ya tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. Bayan madatsar ruwa ta Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ruwa ya daina zuwa ya tafi a kan lokacinsa, ya koma kwanciya duk shekara ba zurfi, abin da kacala ke so ke nan. Ta cinye gonaki, ta shaƙe mashigar Marma har kwalekwale ya rasa hanya, a yankin da tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu, wanda aka sa cikin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000. Mu ma muna da madatsun Goronyo da Bakolori a samanmu. Ga kuma tsuntsun jan-baki, wanda ba ya da mafaka kamar duhun kacala, ya kwana ciki, da asuba ya faɗa wa shinkafa.

Aikin da ke cin kacala ba asiri ba ne, wahala ce kawai. Ta ganye take shaƙar iska ta kai wa saiwa. Sai ka shiga ruwa har ƙugu da lauje, ka lalubo gindin, ka yanke ƙasa da saman ruwa da kamar taƙi guda, ruwa ya rufe kututturen ya shaƙe shi. In ta sake leƙowa a maimaita. A yi kafin kanta mai kama da zangarniyar gero ya fashe, don in ya fashe iska ce za ta yi mata shuka. Abin da aka yanke a jawo shi tudu ya bushe, mata su saƙa tabarma, a yi jinka da saura. Matsattsaku za su kama ƙafa, akwai kuma tsargiya a ruwan kwance, don haka yara su tsaya a gaɓa suna jan kaya.

Kuma ba kowane kore ake sharewa ba. Burugu da bado a bar su, nan ƙananan kifi ke ɓuya, shanu ma na jiran burugun da rani.

Gayya muka sani tun kakanni, ita ta yi mana noma da yaɓe. Gardamar da ta rage a majalisa ita ce ta lokaci: masunta na cewa a shiga tun ruwa na da sauran zurfi, manoma na cewa sai an kai shinkafa gida. An ce za a kai maganar gaban hakimi bayan sallar Juma'a.